Inda Iya Ta Ce a Sauke Kaya

Mun sauka Kawo da hantsi, mu biyar da jaka uku,
da kular tuwo da ta huce tun Funtuwa.
Jibi za a cire wa Iya yanar ido,
likita ya ce mu yi shirin kwana bakwai.
Kwana bakwai kuwa ba a yin sa a tsaye.

Tasi'u direba ya gyara madubi: "Ina muka nufa?"
Na ce, "Da ɗan gari akan ci gari."
Ya ce, "To kowa ya faɗi abin da ke ransa."

Hindatu ta ce ruwa a famfo,
da igiyar shanya,
kuma kada a kai ta inda kiɗa ke kwana.
Mudassir ya ce fili, ko da na turɓaya ne.
Ummita, da aka ce mata garin kadoji ne,
ta ce kusa da kogi, sai ta ga ɗaya.
Ni dai na shafa aljihu, na yi gum.
Iya ba ta ce komai ba, tana jan carbi.

A Unguwar Rimi ƙofar ta fi gidanmu tsawo.
Shiru kamar an share mutane da tsintsiya.
Maigadi ya dubi silifas ɗin Iya,
yarinyar kanta ta faɗi kuɗin kwana ɗaya,
na lissafa, ya haura buhun masara.
Muka ce bari mu je mu dawo,
kowa ya san ma'anar wannan.

A Tudun Wada kuɗin ya yi mana murmushi,
sai dai ɗakin na sama ne.
Na ƙirga matakala, goma sha tara,
na dubi gwiwoyin Iya.
A ƙasa babura na wucewa kamar an kunno rina,
Hindatu ta damƙe wuyan rigar Mudassir, ba ta sake ba.

Rifkatu ta bugo daga Barnawa,
bencinsu ɗaya da Hindatu a makaranta.
"Ku tsallako gada mana, ɗaki na nan a share."
Da mun je,
sai dai asibiti na can wajen Mando,
ga cunkoson safiya.
Ta ce, "To faten acca zai same ku duk inda kuke."

La'asar sakaliya, mai ya kusa ƙarewa,
haƙurin Tasi'u ma haka.
Muka karya wani layi a Unguwar Dosa,
sai Iya ta ɗaga hannu: "Tsaya. Kashe motar."

Muka yi tsit.
'Yan mata na carafke a gindin dalbejiya.
Turmi na amsa wa turmi ta bayan katanga.
Ladan na gyaran murya.
Can wata mata ta daka tsawa:
"Kai ɗan gidan Lantana, sauka daga titi
kafin in kai ka gaban uwarka!"

Iya ta ce, "Kun ji?
Inda mace ke tsawata wa ɗan da ba ta haifa ba,
nan ake barin yaro ya fita.
A sauke kaya."

Ciki da falo ne a ƙasa, bayan kantin magani.
Fanka na kuka, famfo sai da asuba,
amma mai koko ta san sunan Ummita tun kwana biyu,
Mudassir ya zama mai tsaron gida a ƙwallon layi,
Rifkatu ta zo da kula, ta kai har isha.

Ranar da aka kware bandeji,
Iya ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallo:
kwata, bangon da fenti ya gudu ya bari,
akuya a kan tulin yashi.
Ta ce, "Ashe ba wani kyau gare ta ba."
Ta yi dariya har tana share sabon idon.
"Amma kunne bai yi mini ƙarya ba."

Kada dai Ummita ba ta gan shi ba.
Ƙadangaren bakin rijiya ta raɗa wa suna,
ta yi masa sallama da za mu tafi.